Wai Babu Rubutu a kan Itatuwan Gonakin Maradi? Amsa ga Wata Ɗaliba

Wata ɗalibar nazarin muhalli a nan Maradi ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, an ba ni aikin kundin kammala karatu a kan dawowar itatuwa cikin gonakin yankinmu. Abin da na samu a ɗakin karatu bai ishe ni ba. Na shiga intanet, duk takardar da na taɓa sai a ce in biya da kuɗin waje, da yawa kuma da Ingilishi suke. Salula kaɗai gare ni, megan ma sai na yi tattali. Shin rubutun ne babu a kan Maradi, ko ni ce ban iya nema ba?"

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ki kwantar da hankalinki, rubutu akwai, har ya fi ƙarfin abin da za ki iya karantawa kafin ranar kare kundinki. A ganina, a duk faɗin Sahel da wuya a sami yankin da masu bincike suka tattake gonakinsa kamar namu. Na daɗe ina duba kundayen ɗalibai, kuma kusan kowace shekara sai wani ya zo mini da irin kukanki. Abin da ke faruwa shi ne ilimin da aka tara a kan Maradi a warwatse yake. Wani yana Faransa, wani yana Yamai, wani yana cikin kabad a ofishin da kabu-kabu zai kai ki cikin minti goma. Kuma an rubuta shi cikin harsuna uku, kowane abu da suna biyu ko uku. Wanda ya kama sunayen, ya kama bakin zaren.

Kafin ki sake sayen mega, ki rage faɗin tambayarki. "Dawowar itatuwa a yankinmu" gona ce da ba ta nomuwa ga mutum ɗaya. Ki zaɓi gari biyu ko uku, ki zaɓi abu guda: wane irin itace manoma suke bari, wane suke cirewa, kuma don me? Ko kuwa: mata suna da iko da itacen da ke gonar mijinsu, ko sai sun roƙa? Ko: hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili yawa, kuma da nawa? In tambaya ta tsaya da ƙafarta, ita za ta gaya miki takardar da za ki sauke da wadda za ki wuce.

To, mu zo ga sunaye, don nan ne mafi yawan ɗalibai suke ɓata. Ki samu littafin rubutu, ki ja layi huɗu: Hausa, Faransanci, Ingilishi, sai sunan kimiyya. Abin da manomi ke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya tashi ana yi masa aski har ya zama itace, takardun Faransanci suna kiransa "régénération naturelle assistée", a taƙaice RNA. Tsofaffin rahotanni kuma suna cewa "défrichement amélioré". Masu rubutu da Ingilishi suna cewa "farmer managed natural regeneration", a taƙaice FMNR. Abu ɗaya ne, amma kowane suna da ƙofar da yake buɗewa. In kin tsaya ga ɗaya, kin bar kashi biyu cikin uku a baya.

Haka sunayen itatuwa. Gawo yanzu Faidherbia albida ne, amma a takardun da suka girme ki Acacia albida za ki gani, Faransawa kuma "gao" suke rubutawa. Kalgo shi ne Piliostigma reticulatum, sabara Guiera senegalensis, aduwa Balanites aegyptiaca, magarya Ziziphus mauritiana, ƙirya Prosopis africana, taramniya Combretum glutinosum, goruba Hyphaene thebaica, wadda Faransanci ke kira "palmier doum". Hatsin da muke ci ma ya sha suna: Pennisetum typhoides, Pennisetum americanum, Pennisetum glaucum, yanzu wasu suna rubuta Cenchrus americanus. Akwai wani ɗan ƙamus na tsirran Nijar da Peyre de Fabrègues ya tattara a shekarun 1970, mai haɗa sunan kimiyya da na Hausa da sauran harsunan ƙasa. Ki tambaye shi a ɗakin karatu ko wurin malamanki na ilimin tsirrai. Ya tsufa, wasu sunayen kimiyyar an sauya su, amma har gobe da tsohuwar zuma ake magani.

Sunayen garuruwa su ma tarko ne. Mu muna cewa Gulbi, takarda tana cewa "Goulbi". Gulbin Kaba "Goulbi N'Kaba" ne, Madarumfa "Madarounfa", Tasawa "Tessaoua", Gidan Rumji "Guidan Roumdji", Jiratawa "Djirataoua". Ki gwada kowane rubutu daban. Ga kuma wani abin da ya taɓa ruɗa ɗalibaina har suka kwafi alƙaluma ba daidai ba: kafin sauyin tsarin jihohi da gundumomi na farkon shekarun 2000, abin da ake kira "département de Maradi" shi ne dukan jihar Maradi ta yau, su Agye da Mayahi da Dakoro da Tasawa kuwa "arrondissement" ake ce musu. Idan kika ga "département de Maradi" a rahoton 1985, ba birni da kewayensa ake nufi ba. Haka nan Gazawa an cire ta daga Agye, Bermo daga Dakoro, don haka yawan jama'a ko faɗin gonakin Agye na da, ba za a gwada shi kai tsaye da na yau ba sai an haɗa da Gazawa.

Da sunayen nan a hannu, ki bar babban Google, ki shiga Google Scholar, wanda takardun bincike kaɗai yake nunawa. Ki sa jimlar cikin alamar zance don ya nemo ta a haɗe, ki ƙara sunan wuri: "régénération naturelle assistée" Aguié, misali. Abu uku za ki riƙa kallo. In akwai kwafin kyauta, alamar PDF tana fitowa a gefe. In babu, ki taɓa inda aka rubuta "versions", don sau da yawa mujallar tana sayarwa amma marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. Na uku shi ne "Cité par", wanda ke nuna miki duk waɗanda suka zo daga baya suka ambaci wannan aiki. Takarda mai kyau guda ɗaya ta ishe ki mafari: jerin manazartarta yana mayar da ke baya, "Cité par" yana kai ki gaba. In kika yi haka da takarda uku, za ki ga sunaye biyar ko shida suna ta maimaituwa. Su ne dattawan fagen, su za ki bi.

Tun da aikinki a kan itatuwa ne, bari in ba ki wasu daga cikinsu. Claude Raynaut na Jami'ar Bordo ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan Maradi a shekarun 1970 da 1980, lokacin da gonaki ke cinye daji ana kuka da ƙarewar itace. Boubacar Yamba, masanin labarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni, ya yi rubutu mai yawa a kan ƙasa da gona da itace a yankin nan. Michael Mortimore da Mary Tiffen, tare da masana ƴan Nijar, sun fitar da jerin takardu wajen 2000 zuwa 2001 a kan yadda noman Maradi ya sauya tun daga 1960. Mahamane Larwanou yana cikin waɗanda suka auna sassabin zamani da ƙafarsu, kuma a 2006 shi da abokan aikinsa sun fitar da rahoto a kan Magarya da Matamai da Mirya a Damagaram. Sai Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a nan Maradi, wanda tun daga 1983 ya dage wajen yaɗa wannan dabara, aka kuma ba shi lambar Right Livelihood a 2018. In kin karanta su a jere, za ki ga ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna jingina abin ga furoje, wasu ga sassaucin dokar daji, wasu ga dawowar ruwan sama bayan farin 1984, wasu kuma suna tunatar da mu cewa Bahaushe ya san darajar gawo tun kafin zuwan Bature, har sarakunan Damagaram sun hana sare shi. Wannan saɓanin shi ne naman babinki na farko. Kada ki ɓoye shi, ki baje shi a fili.

Tsofaffin ayyukan Faransanci suna da gidajensu, kuma kyauta ne. Cibiyar binciken Faransa da a da ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta ɗora tarin rahotanninta da taswirorinta a rumbun da ake kira Horizon. A can ake samun aikin ƙasa da ruwa da tsirrai na Nijar tun na kafin samun ƴancin kai. CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, tana da nata, Agritrop, kuma mujallarta ta gandun daji, Bois et Forêts des Tropiques, a buɗe take, haka ma Cahiers Agricultures. HAL rumbu ne da masu binciken Faransa ke ajiye takardunsu da kundayen digirin digirgir. Persée da OpenEdition suna da mujallun labarin ƙasa da zamantakewa, VertigO kuma mujallar muhalli ce ta Faransanci da ake karantawa ba biya. A AJOL, dandalin mujallun Afirka, za ki tarar da rubuce-rubucen malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da na Yamai da na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, masu yawa. ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta duniya mai tasha a Sadore kudu da Yamai, ita ma tana da buɗaɗɗen rumbu, FAO kuma, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da AGRIS.

Amma in za ki fara da wuri ɗaya a daren nan, ki fara da na gida. RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, tana da shafi cike da gajerun takardu da aka rubuta daga gona, da Faransanci mai sauƙi, sau da yawa har da sunan Hausa na tsiro ko ƙwaro. Akwai kuma Duddal, ɗakin karatun intanet da ya tara rahotannin raya karkara na Nijar, irin waɗanda da sai ka san wani a furoje kafin ka gan su. Ba su da nauyin saukewa, kuma za su koya miki yadda ma'aikatan ƙasar nan ke kiran abubuwa.

Yanzu maganar takardun da ake cewa ki biya. Kada ki biya ko dala. Akwai shiri mai suna Research4Life, haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin buga mujallu, wanda aka yi domin ƙasashe irin tamu. Yana da sassa biyar, biyu sun shafe ki kai tsaye: AGORA na noma, wanda FAO ta buɗe a 2003, da OARE na muhalli, wanda aka buɗe a 2006 da hannun hukumar muhalli ta Majalisar. Nijar tana rukunin da ake ba su kyauta. Sai dai ba ɗalibi ke yin rajista da kansa ba, makaranta ko cibiya ce ke yi, mai kula da ɗakin karatu kuma shi ke riƙe da mabuɗin shiga. Don haka ki koma ɗakin karatun nan, wannan karon ba wajen kanta ba, wajen mutumin da ke zaune a tebur. Ki gaishe shi da kyau, ki gaya masa abin da kike nema, ki tambaye shi maganar Research4Life. Yana ba ni takaici yadda ɗalibai ke ɗaukar ma'aikacin ɗakin karatu kamar mai gadin littattafai, alhali sana'arsa ke nan, nemo abin da ya ɓuya. Shi ne kuma ya san inda aka jibge kundayen waɗanda suka riga ki, waɗanda ba sa kan intanet ko kaɗan.

In duk wannan bai buɗe ba, ki rubuta wa marubucin. Adireshinsa yana shafin farko na takardar. Layi huɗu sun isa: ke wace ce, ina kike karatu, me kike nazari, kina roƙon kwafi. Mai bincike ba ya samun ko sisi daga kuɗin da mujalla ke karɓa, burinsa a karanta shi, kuma saƙo daga ɗalibar da ke zaune a wurin da ya yi aikinsa abin farin ciki ne gare shi.

Ingilishi kuma kada ya firgita ki. Ki fara da taƙaitawar farko, ki wuce wajen jadawali da zane, don lamba ba ta da yare, sannan ki nemi taimakon manhajar fassara a kan sakin layin da kike bukata, kina gyara sunayen itatuwa da kanki. Ki tuna Katsina da Jibiya da Daura ƙasarsu da tamu ɗaya ce, gawonsu namu ne, Gulbin Maradi ma daga Najeriya yake shigowa kuma madatsar Jibiya ta sauya yadda yake kawo mana ruwa. Abin da aka rubuta a kansu da Ingilishi yake. Wanda ya ƙi shi ya rufe ido ɗaya.

Ina so in nuna miki abu guda da zai bambanta kundinki da na saura. Duk inda kika karanta labarin sassabin zamani za ki ga an ce eka miliyan 5, itatuwa miliyan 200. Ana ta kwafar wannan daga takarda zuwa takarda har an manta mafarinsa. Ki bi shi zuwa tushe. Za ki iske aikin Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale na 2009, wanda IFPRI, cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, ta buga. Sun gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka zaga ƙasa, sannan suka yi ƙiyasi. Ki raba miliyan 200 da miliyan 5, za ki samu itace 40 a kowace eka, a matsakaici, kuma lissafin ya haɗa har da Damagaram, ba Maradi kaɗai ba. Ƙiyasi ne mai daraja, ni ma ina ambatonsa, amma ba ƙidayar gonakin garinku ba ce, kuma ya kwana biyu. In kika ƙirga gona talatin a Ɗan Saga ta Agye ko wani gari kika samu abin da ya fi 40 ko ya gaza, ba kuskure kika yi ba, sabon abu kika kawo. Kowace lamba da za ta shiga kundinki, ki tambaye ta: wa ya auna, a ina, a wace shekara, da me? Wata ƙaramar lura kuma: "eka" a bakinmu a nan "hectare" ce, murabba'in mita 10,000, alhali a takardun Najeriya da na Amurka ana iya nufin wani ma'auni da bai kai rabin wannan ba.

Sauran ilimin kuwa sai da ƙafa. Ki karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ki yi kwafi da yawa. Ki je Tarna, cibiyar INRAN ta jiha, inda aka daɗe ana gwajin iri da ƙasa da itatuwan gona. Ki je ofishin muhalli na jiha da na gundumar da za ki yi aiki, ki nemi rahotannin shekara-shekara. Ki je majalisar manoma ta jiha. A ma'aikatar magajin gari ki nemi kundin tsarin raya gari, wanda suke kira PDC, don yana da bayanin garuruwa da filayen kiwo da burtali. Hukumomin kula da filaye, su COFO, su suka san rigingimun gona da itace. Furojen FIDA, asusun raya noma na duniya, da suka yi aiki a Agye, irin su PPILDA, da ProDAF da ya zo daga baya, sun bar rahotanni masu yawa a kan kwamitocin tsaron itace na ƙauyuka. Ki karanta su da amfani, amma ki riƙe a ranki cewa rahoton furoje domin mai ba da kuɗi aka rubuta shi, nasara yake gabatarwa.

Ba lallai a ba ki a zuwan farko ba. Za a ce mai makullin ya tafi daji, ki dawo jibi. Ki dawo jibin. Na taɓa bin sawun wasu rahotanni har wani ɗakin ajiya da aka daɗe ba a buɗe ba, na tarar gara ta ci rabinsu, aikin shekaru na mutanen da suka sha rana suna awo. Har yau abin yana yi mini ciwo. Shi ya sa duk abin da aka ba ki izini, ki ɗauke shi hoto da salularki, ki fara da bango, inda sunan marubuci da shekara suke, kada ki dawo gida da shafuka marasa uba.

Ba a maganar itacen gona a Nijar ba tare da doka ba, don tambayar "na wa ne?" ita ce ke sa manomi ya bar toho ko ya tumɓuke shi. Dokar daji ta 1974 ta sa manyan itatuwa irin su gawo ƙarƙashin kariyar gwamnati, har manomi na jin tsoron tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Sai dokar tsarin karkara ta 1993, sai dokar kula da muhalli ta 1998, sai sabuwar dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 da aka yi musamman domin sassabin zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena. Ki karanta su da kansu, kada ki tsaya ga abin da wani ya ce sun ce. Rumbun dokoki na FAO, FAOLEX, yana da irin waɗannan matani.

Alƙaluman ruwan sama, asalinsu hukumar yanayi ta ƙasa ce, kuma da takardar makaranta ake nema. AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Sahel da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana fitar da bayanan damina na dukan yankin. In kina son na wani gari da babu ma'aunin ruwa, akwai CHIRPS, wanda ya fara daga 1981, yana haɗa awon tauraro da na tashoshin ƙasa, kowane gida nasa wajen kilomita 5 ne. Ki faɗa a kundinki cewa ƙiyasi ne. Yawan jama'a kuwa na INS ne, hukumar ƙididdiga ta ƙasa: ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutum miliyan 3 da dubu 400 da ƴan kai, kuma abin da ake bayarwa na shekarun bayanta hasashe ne da aka gina a kanta.

Hotunan sama kyauta ne, amma suna son kwamfuta da rezo mai ƙarfi, don haka ki haɗa kai da mai ita. Landsat yana ɗaukar hoto tun 1972, an buɗe taskarsa ga kowa a 2008, sai dai ɗigonsa mita 30 ne, ba ya nuna itace ɗaiɗai. Sentinel-2, daga 2015, mita 10 ne. In ƙirga itatuwa kike so, Google Earth ya fi, kuma yana da wurin komawa hotunan shekarun baya. Ki zaɓi hoton rani, bayan an kwashe amfanin gona. Da damina komai kore ne, gawo kuma a lokacin ne ya zubar da ganye. Da rani shi ke tsaye kore shar a kan farar ƙasa. Ki sani kuma sabara da kalgon da ake yi wa sassabe kowace bazara ba sa fitowa sosai daga sama, alhali su ne kaso mai yawa na abin da manomi ke renawa. Gani ya kori ji, dole ki shiga gonar da igiyar awo. QGIS, manhajar yin taswira, ita ma ba a sayen ta.

Akwai ramuka uku da nake roƙon ki kauce musu. Shafukan da ake zuba kundayen ɗalibai, irin su Mémoire Online, ba wanda ke tace abin da ke ciki. Ki duba jerin manazartarsu ki bi, amma kada ki gina hujja a kansu, balle ki kwafa. Malaman da za su saurare ki sun san waɗannan shafuka sarai. Sai mujallun neman kuɗi, masu karɓar takarda cikin kwana uku, masu buga aikin likita da na injiniya da na addini a fitowa ɗaya. In kin yi shakka, ki duba ko sunan mujallar yana cikin DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallun da aka tantance, ko ki tambayi mai duba aikinki. Na uku sabo ne: manhajojin nan masu amsa tambaya suna iya ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla, komai tsaf, alhali takardar ba ta taɓa wanzuwa ba. Na riƙe kundi a hannuna da irin waɗannan suka cika shi, mai shi kuma yaron kirki ne, bai san an yaudare shi ba, sai da ya sake babi guda. Takardar da idonki bai gani ba, kada sunanta ya shiga aikinki.

Tattalin mega kuwa ba wuya. Ki yi nema a salula, ki rubuta sunayen abin da kike so, ki tara su, ranar da kika samu rezo mai kyau ki sauke gaba ɗaya. Kowane fayil ki sauya masa suna nan take: marubuci, shekara, wuri. Ku haɗu ku biyar masu aiki makusanci, kowa ya sauke nasa kaso, ku tura wa juna ba tare da intanet ba. In kin samu kwamfuta, Zotero kyauta ne, yana ajiye manazarta ya jera miki su. In babu, littafin nan naki ya isa: kowace takarda shafi guda, abin da ta tambaya, inda aka yi, abin da ta samu, da abin da kika ga bai gamsar ba. Ki ajiye kwafi na biyu a wani wuri, salula tana faɗawa ruwa.

Sai ɗakin karatun da ba shi da kanta. A garin da za ki yi aiki, bayan kin gaida mai gari kin faɗi abin da ya kawo ki, ki nemi tsofaffi maza da mata, ki zauna da su daban-daban. Matan su suka san tafiyar da ake yi neman itacen girki a da, da wadda ake yi yanzu, su suka san ganyen da ya ɓace daga miya. Kada ki tambaye su "a 1984", ki ce "shekarar El-Buhari", don da sunan yunwa da sarauta da ambaliya suke lissafin zamani, ke ce za ki mayar da shi lamba daga baya. Ki nemi izini kafin ki naɗi murya, ki rubuta rana da gari da shekarun mai magana, ki ɓoye sunansa in maganar ta shafi sare itace ko rigimar gona. In wani dattijo ya ambaci itacen da babu shi a littafinki, ki roƙe shi ya kai ki gindinsa, ki ɗauki hoton ganye da ɓawo da ɗa, ki kawo wa malamin tsirrai.

Ki ba kanki mako biyu a kan wannan. Ki zo mini da tambayarki a rubuce cikin layi biyu, da jadawalin sunayen nan, da takarda goma da kika karanta da gaske, aƙalla uku daga cikinsu na kafin a haife ki. Daga nan sai mu zauna mu zaɓi garuruwan, mu tsara yadda za ki ƙirga itatuwan kafin manoma su shiga sassabe, ruwan farko ya sauka.